Haruffa masu ƙugiya sun lalace a manhajar da na rubuta, shin in goge komai in sake girkawa?

Tambayar ta zo daga wani malamin lissafi da yake koyarwa a wata makarantar jeka-ka-dawo a wani ƙauye na ƙasar Ringim, Jihar Jigawa. Ya rubuta ƙaramar manhaja da harshen Python da Tkinter, wato kayan zana tagogin manhaja, domin ajiye sunayen ɗalibai da makinsu, yana aiki da VS Code a kwamfutar Windows. Ya ce sunan Ɗanladi yana fitowa a taga kamar haka: ÆŠanladi. Ranar da ya ƙara "Ɓangaren Kimiyya" a fayil ɗin sunaye, sai manhajar ta ƙi buɗewa gaba ɗaya. Bayan haka ana ce masa babu laburaren openpyxl, wato ƙarin kayan Python na aiki da fayilolin Excel, alhali da hannunsa ya girka shi, kuma da ya kai manhajar kwamfutar ofishin shugaban makaranta sai ta ce ba ta ga fayil ba. Yana so ya san ko ya goge komai ya fara daga tushe.

Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan ƙoƙari, amma kada ka goge komai, domin sake girkawa ba zai warkar da ko ɗaya daga cikin matsalolin nan ba, sai dai ya cinye maka data da yini guda. Abin da yake faruwa shi ne ka ɗauki abubuwa uku a matsayin abu ɗaya. VS Code edita ne kawai, aikinsa irin na magatakarda, ya rubuta ya ajiye. Python shi ne tafintan da yake karanta abin da aka rubuta ya aiwatar da shi. Fayil kuwa jerin lambobi ne zalla, kuma fayil ɗin rubutu ba ya ɗauke da takardar da take bayyana yadda za a karanta shi. Kowane daga cikin editan da tafintan yana da nasa saitin, kuma idan ka gyara na ɗaya, na ɗayan yana nan yadda yake.

Zan daɗe a kan haruffan, domin nan ne mu masu rubuta Hausa muka fi shan wuya, kuma darussan da ake samu a intanet ba kasafai suke tsayawa a kansa ba, tunda masu Turanci ba sa cin karo da shi.

A tsarin Unicode, wato kundin haruffan duniya na kwamfuta, kowane harafi yana da lambarsa. Ƙaramin ƙ shi ne U+0199, ɓ shi ne U+0253, ɗ shi ne U+0257, manyansu kuma Ƙ U+0198, Ɓ U+0181, Ɗ U+018A. Idan editanka ya ajiye fayil da tsarin UTF-8, wanda shi ne VS Code yake amfani da shi tun daga farko, haruffan Turanci na yau da kullum suna cin bayit ɗaya-ɗaya (bayit shi ne lamba guda a cikin jerin lambobin fayil), amma kowane harafi mai ƙugiya yana cin bayit biyu. Babban Ɗ ana ajiye shi da C6 da 8A. Har nan babu laifi. Matsalar tana zuwa ne lokacin da ka rubuta open("dalibai.csv") ba tare da ka faɗa wa Python tsarin da zai bi ba, domin a Windows yakan tambayi kwamfutar, ita kuma a yawancin kwamfutocin ƙasar nan amsarta ita ce cp1252, wani tsohon tsari na harsunan Yammacin Turai wanda yake ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. A wancan tsari C6 shi ne Æ, 8A kuma Š, shi ya sa Ɗanladi ya koma ÆŠanladi. Da ka duba da kyau za ka ga ƙ tana komawa Æ™, ɗ kuma É da doguwar karan ɗori. Wannan ba ƙwayar cuta ba ce, kuma fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, karatun ne aka yi da ƙa'idar da ba tasa ba, tamkar a miƙa wa wanda boko kaɗai ya sani takardar ajami a ce lallai sai ya karanta.

Dalilin mutuwar manhajar a ranar da ka ƙara "Ɓangaren Kimiyya" ya fito daga nan. Babban Ɓ ana ajiye shi da C6 da 81. Tsarin cp1252 yana da gurabe 256, amma biyar daga cikinsu babu kowa, wato 81, 8D, 8F, 90 da 9D. Sauran haruffanmu sun yi sa'a bayit ɗinsu na biyu ya faɗa kan gurbi mai harafi, sai suka fito a karkace amma manhajar ta ci gaba. Babban Ɓ shi kaɗai a cikin shidan ya faɗa ramin da babu komai, sai Python ya tsaya. Ina da yaƙinin idan ka duba layin ƙarshe na saƙon kuskuren za ka ga UnicodeDecodeError, tare da kalmar charmap da lambar 0x81. Da yake kalmomin da suke farawa da babban Ɓ ba su da yawa a rajistar makaranta, mutum yana iya yin zango guda cur da wannan lahani a ɓoye kafin ya tashi.

Maganin gajere ne. Duk inda ka buɗe fayil ɗin rubutu, ko don karatu ko don ajiya, ka ambaci tsarin a fili:

open("dalibai.csv", encoding="utf-8-sig", newline="")

Na ce duk inda, kuma da gangan na faɗa. Yadda manhajarka take a yanzu, tana karantawa da cp1252 tana mayarwa da cp1252, don haka bayit ɗin suna komawa yadda suka fito, kuskure biyu suna rufa wa juna asiri. Idan ka gyara wajen ajiya ka manta wajen karatu, gurɓatattun alamomin ne za a ajiye a matsayin haruffa na gaskiya, kuma duk buɗewa da rufewa ɓarnar za ta ninka. Saboda haka kafin ka taɓa komai ka kwafi fayil ɗin ka ajiye a filashi, sa'an nan ka danna Ctrl+Shift+F a VS Code ka nemo duk wuraren da kalmar open ta fito, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan wasu sunaye sun riga sun gurɓace a cikin fayil ɗin kansa, sau da yawa ana dawo da su da suna.encode("cp1252").decode("utf-8"), wanda yake warware ƙullin ta hanyar da aka ɗaura shi.

Na zaɓi utf-8-sig maimakon utf-8 saboda Excel. Idan aka danna fayil ɗin CSV, wato irin dalibai.csv ɗinka, sau biyu, Excel ba ya gane UTF-8 sai ya ga wata alama ta bayit uku a farkonsa, EF BB BF, kuma utf-8-sig yana sanya ta wajen ajiya, yana kuma tsallake ta wajen karatu, ko tana nan ko ba ta nan. Ka gargaɗi duk malamin da zai taɓa fayil ɗin a Excel cewa wajen ajiya ya zaɓi CSV UTF-8, domin CSV na gama-gari yana mayar da haruffan da bai sani ba alamar tambaya.

Wannan ya kawo mu ga yadda ake gane ciwon da ido, domin lalacewar haruffa iri uku ce kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan ka ga baƙin haruffa irin Æ da É, karatu ne ya karkace, bayananka suna nan. Idan ka ga ɗan akwati fanko a gurbin harafin, font ɗin da ake nunawa da shi ne ba shi da zanen wannan harafi, sai ka sauya zuwa irin Noto Sans ko Charis SIL. Idan kuwa alamar tambaya ka gani a cikin fayil ɗin kansa, to an riga an zubar da harafin lokacin ajiya, babu dabarar da za ta dawo da shi sai a sake bugawa. Tsohon Notepad ya yi wa mutane da yawa haka, domin sai a sabuntawar Windows 10 ta shekarar 2019 ya koma ajiya da UTF-8 kai tsaye. Akwai kuma na huɗu da yake zuwa daga tsofaffin takardu: idan wani ya ba ka jerin sunaye ka ga }asa a maimakon ƙasa ko ]aya a maimakon ɗaya, an buga su ne da tsofaffin font na Hausa irin Rabi'at, waɗanda suka ari gurbin wasu alamomi suka zana ƙugiya a kansu tun kafin Unicode ya yaɗu. Waɗannan sai dai a musanya alamomin da haruffan gaskiya, babu saitin da zai gyara su.

Game da editan, a kusurwar dama ta ƙasa VS Code yana nuna tsarin fayil ɗin da ke buɗe. Idan ka danna wurin zai ba ka zaɓi biyu, Reopen with Encoding da Save with Encoding. Na farko yana sake karanta fayil ɗin ba tare da ya taɓa shi ba, na biyu yana sake rubuta shi. Kullum ka fara da na farko har sai haruffan sun fito daidai a idonka, domin ajiye fayil yana cikin gurɓata shi ne yake mayar da ciwon karatu ya zama asara. Amma ka riƙe cewa wannan saiti na editan ne kaɗai, Python bai san da shi ba, kuma a nan ne mutane suke ruɗewa su ce ai sun sa UTF-8 amma abin bai gyaru ba. Idan kuma ka ga editan yana zagaye ƙ da ɗ da ɗan akwati ruwan ɗorawa, wannan gargaɗi ne da aka ƙara masa a ƙarshen 2021 domin tona haruffan da ake ɓoyewa cikin kod da mugun nufi. Yakan bayyana musamman idan ba ka amince wa foldar ba, kuma ana iya rage shi a saitin editor.unicodeHighlight. Ba ya hana komai aiki. An amince cewa daga Python 3.15 UTF-8 zai zama tsarin da ake bi kai tsaye, amma ni ban ga dalilin da zai sa ka dogara da hakan ba, tunda manhajarka za ta zauna a kwamfutocin da ba kai kake sabunta su ba.

Batun openpyxl ya fi sauƙi. Kusan tabbas akwai Python fiye da ɗaya a kwamfutarka, wataƙila wanda ka sauke daga shafinsu da wani na Microsoft Store ko wanda mai gyara ya saka maka a Kano, kuma kowanne yana da nasa rumbun laburare. Ka girka kayan a rumbun wannan, editan kuma yana aiken wancan. Ka rubuta layuka biyu a sabon fayil, import sys da print(sys.executable), ka kunna shi yadda ka saba kunna manhajarka, zai nuna maka cikakken adireshin tafintan da yake aiki. Da wannan adireshi za ka kira pip, mai girka laburare, wato ka rubuta shi sa'an nan ka biyo da -m pip install openpyxl, maimakon rubuta pip shi kaɗai wanda ba ka san na wa ba ne. Idan kana so editan ya koma ga wani tafintan, ka danna Ctrl+Shift+P ka nemi Python: Select Interpreter. Ka kuma bambance tsakanin layin gargaɗi da editan yake ja a ƙarƙashin import da kuskuren da Python yake fitarwa lokacin aiki, domin na farko ra'ayin edita ne, wani lokaci manhajar tana tafiya lafiya duk da shi. Sannan ka tabbatar ba ka raɗa wa wani fayil naka suna csv.py ko openpyxl.py ko tkinter.py ba, domin Python zai ɗauko naka ya bar na ainihi.

Na san yadda sabis yake a ƙauyukanmu, wani lokaci sai an hau tudu kafin saƙo ya fita. Ranar da ka shiga Ringim ko Dutse, ka yi python -m pip download openpyxl -d kaya, zai tara laburaren da abin da ya dogara da shi a folda mai suna kaya. A kowace kwamfuta kuma, ko babu intanet, python -m pip install --no-index --find-links kaya openpyxl zai girka shi daga filashi. Wannan laburare da Python zalla aka rubuta shi, don haka ba ya zaɓen kwamfuta, amma irin su Pillow, laburaren hotuna, sai siga da nau'in Python na kwamfutocin biyu sun dace.

Saura kwamfutar ofis. Dalili ɗayan biyu ne. Ko dai ka rubuta cikakken adireshi mai ɗauke da sunanka na mai amfani, wanda babu shi a can, ko kuma ka rubuta sunan fayil kaɗai. A hali na biyu Python ba ya neman fayil a inda kod ɗin yake, yana nemansa ne a foldar da aka tsaya lokacin kunna manhajar. A VS Code wannan ita ce babbar foldar da ka buɗe, a wani wuri kuma tana iya zama wata dabam. Gyaran shi ne ka ɗaure adireshin da mazaunin kod ɗin, wato Path(__file__).resolve().parent / "dalibai.csv", bayan ka shigo da Path daga pathlib.

Amma akwai tarko a gaba, kuma ni da kaina na faɗa cikinsa. Shekarun baya na rubuta wa wata ƙungiyar manoma a ƙasar Bichi ƙaramar manhaja ta lissafin buhunan taki da aka ba kowane mamba bashi. Don sauƙaƙa musu na dunƙule ta da wata manhaja mai suna PyInstaller ta zama fayil ɗaya tak, na gwada sau ɗaya na ga ta buɗe, na hau babur na tafi. Sakataren ƙungiyar, dattijo mai haƙuri, ya zauna a zaure tun bayan azahar yana shigar da sunaye daga littafi da yatsa biyu, yana duban batir saboda hasken sola ya fara ja baya, har aka kira magariba. Washegari ya buɗe ya tarar babu ko suna ɗaya. Ya kira ni ya ce, "Malam, ko dai na'urar nan ba ta kwana da abu ne?" Gaskiyarsa ce. Manhajar da aka dunƙule ta zama fayil ɗaya tana kwance kanta ne a wata foldar wucin gadi mai suna da yake farawa da _MEI, __file__ yana nuna can, kuma da an rufe ta ake share foldar da duk abin da aka ajiye a ciki. Laifina ne, ba nasa ba, kuma da littafin bai kasance a hannu ba da rigimar bashi ta tashi. Idan ka kai wannan mataki, ka duba getattr(sys, "frozen", False), idan gaskiya ne ka ɗauki Path(sys.executable).parent a matsayin mazauni, ko ka ware wa bayanan folda ta dindindin. Gwajin kuma shi ne ka shigar da suna, ka rufe, ka kashe kwamfutar, ka sake buɗewa.

Ka kuma duba wace Windows ce a ofis ɗin. Idan Windows 7 ce, kamar yadda har yanzu ake samu a makarantu da yawa, Python 3.8 ne na ƙarshe da yake aiki a kanta, VS Code kuma ya tsaya mata a siga ta 1.70 a shekarar 2022. Manhajar da aka dunƙule da Python 3.9 ko sama ba za ta tashi a can ba, za ta yi ƙorafin rashin wani fayil na dll.

Akwai abubuwa biyu da ba ka tambaya ba amma suna jiranka a hanya. Na farko jeri ne. Idan ka jera sunaye da sorted, Ƙasimu da Ɗahiru za su faɗo bayan Zainab, domin lambobinsu sun fi na z girma, alhali a Hausa ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Sai ka ba shi mabuɗin jeri wanda yake mayar da sunan ƙananan haruffa ya musanya ɗ da d haɗe da wata alama mai girman lamba irin ~, haka ɓ da ƙ, don jerin kawai, ba tare da an taɓa sunan da aka ajiye ba. Na biyu alhamza ce ta Sa'adatu da Rabi'u da A'isha da 'yar. Kwamfuta tana da alamomi aƙalla uku masu kama da juna a ido, U+0027 ta madannai, U+2019 wadda Word yake musanyawa da kansa, da U+02BC. Malami ya buga suna a Word, kai ka neme shi da madannai, manhajar ta ce babu wannan ɗaliba. Ka zaɓi ɗaya ka mayar da sauran gare ta tun a bakin shiga. Ranar da ka koma ajiya a rumbun bayanai na SQLite, wanda nake ba ka shawarar yi domin yana zuwa tare da Python kuma ya fi CSV jure ɗaukewar wuta a tsakiyar ajiya, kada ka haɗa suna cikin umarni ta hanyar liƙa rubutu, domin alhamzar Sa'adatu za ta yanke umarnin a tsakiya. Ka sanya alamar tambaya a gurbin sunan, ka miƙa sunan a gefe.

Idan bayan duk wannan manhajar ta sake ƙin tashi a ofis, taga ta ƙifta ta ɓace, kada ka kunna ta da dannawa biyu. Ka buɗe foldar, ka rubuta cmd a gurbin adireshi na sama ka danna Enter, sa'an nan ka kira ta da sunanta daga baƙar tagar, a nan saƙon kuskure zai tsaya har ka karanta. Ka ɗauki hoton layuka biyar na ƙarshe da waya, da abin da sys.executable ya nuna a wannan kwamfutar, ka aiko mini.